Idan ka riga ka ɗaga hannu a wasan ƙarshe

Ƙanena, abu biyu ka tambaye ni. Ka ce idan kana hura wasa ka ba da alama, nan take kuma ka gane ba daidai ba ce, ka gyara ne ko ka bari? Sannan ka ce masu horarwa suna ta gaya maka cewa a wasan ƙarshe na zari-ruga alƙali yakan sa usur a aljihu, ya bar maza su raba gardama da kansu, kana son sanin ko haka ne. Ta farko ce mai wuya, kuma a kanta zan daɗe.

Nemi bidiyon wasan ƙarshe na gasar NRL ta Ostireliya na shekarar 2019 ka kalla, wanda Sydney Roosters da Canberra Raiders suka buga a Sidni. Kada ka tsaya kallon 'yan wasa, hannun alƙalin wasan, Ben Cummins, za ka zuba wa ido. Saura ƙasa da minti 10 a tashi, ana 8 da 8. Raiders suna kan kamu na ƙarshe a bakin gidan Roosters, ɗan wasansu Jack Wighton ya cilla ƙwallo sama, aka yi tsalle a kanta, ta faɗo ta sake komawa hannun Raiders. Ka san dokarmu ta wasan 'yan 13: kamu shida gare ka, idan ya cika ka miƙa ƙwallo, amma idan abokin hamayya ya kai mata hannu ya taɓa ta sannan ta dawo gare ka, lissafi ya koma farko. Cummins ya ɗauka ɗan Roosters ne ya taɓa, sai ya kaɗa hannu sama, alamar sabon kamu shida. Cikin daƙiƙu kaɗan abokan aikinsa, har da alƙali na biyu Gerard Sutton, suka gaya masa ta na'urar kunne cewa jikin ɗan Raiders ta taɓa. Sai ya sauya, ya miƙe hannu yana ta kiran kamu na ƙarshe.

To amma Wighton ya riga ya ga alamar farko. Wanda ya san yana da sauran kamu shida ba ya gaggawar bugun ƙwallo, sai ya rungume ta ya yarda a kayar da shi. Ana kayar da shi aka ce ya miƙa. Daga wannan miƙawar Roosters suka taso tun daga gidansu, Latrell Mitchell ya ba Daniel Tupou, Tupou ya ba James Tedesco, ya dire ta a bayan layi. Aka tashi 14 da 8. Raiders kuwa rabonsu da kofin tun 1994.

Bayan wasa, Graham Annesley, shugaban sashen wasa na NRL, ya fito ya ce hukuncin ƙarshe shi ne daidai, domin bidiyo ya nuna ɗan Raiders ƙwallon ta taɓa. Gaskiya ya faɗa, amma ba nan gizo ke saƙar ba. A aikinmu, hukunci ba ya ƙarewa a kan abin da ya faru da ƙwallo. Da zarar ka ba da alama, mutum 26 sun ɗora shawararsu a kanta. Kamar mai ba da hannu ne a mararraba: ya ce wa direba wuce, direba ya taka mota ya kai tsakiya, sannan ya ce masa tsaya. Ko da tsayawar ce daidai tun farko, wa ya jawo karon? Da Cummins bai kaɗa hannu ba sam, da Wighton ya san kamu na ƙarshe ne, ya nemi bugun maki ɗaya ko ya gangara ƙwallo cikin gidan Roosters. Alamar ce ta ƙwace masa wannan zaɓi, gyaran kuma bai mayar masa da shi ba. Kiran baki a gaban mutum fiye da 80,000 masu ihu ba ya goge abin da ido ya riga ya gani.

Kuma littafin dokoki ba ya tare da masu gyara a tsakiyar wasa. A babin da ya yi magana kan ikon alƙali, an nuna cewa shi ke yanke abin da ya faru a fili, kuma ba ya komawa ya sauya, sai dai idan mai tuta, wato mataimakinsa na gefen layi, ya kawo masa rahoton wata mugunta da aka yi kafin nan wadda bai gani ba. Saboda haka amsata gare ka ita ce: idan ƙwallo tana raye, ka ba da alama, 'yan wasa sun yi aiki da ita, to ka tsaya a kai. Ka rubuta a rahotonka, mai duba aikinka ya yi maka faɗa ranar Litinin. Na san akwai manyan alƙalai da ba su yarda da ni a nan ba, suna cewa ba za su bar kuskure ya ba wata ƙungiya kofi suna kallo ba. Ina jin su. Sai dai kuskuren da ka tsaya a kai ɓangare ɗaya ya cuta, wanda ka janye kuma ya sa duk filin ya daina yarda da hannunka.

Maganin na gaskiya yana gaban wannan duka, wato kada ka yi saurin ɗaga hannun. Magana zarar bunu ce, alamar alƙali ma haka. Idan ƙwallo ta faɗo daga sama cikin mutum uku ko huɗu, ba wanda ya ɗora maka bindiga ya ce ka yanke a wannan daƙiƙar. Numfashi ɗaya ya isa ka ji abin da mai tuta zai ce. Ku sababbin hannu kuna jin tsoron a ce ba ku da kuzari, shi ya sa hannunku ke riga idonku.

Wani abu game da Cummins, don kada ka shiga sahun masu zaginsa. Alƙali ne da ya hura manyan wasanni da dama kafin wannan dare, kuma daga baya ya faɗa da bakinsa irin halin da zagin jama'a ya jefa shi da iyalinsa. Ricky Stuart ma, mai horar da Raiders, da 'yan jarida suka matsa masa a daren, ƙin ɗora wa alƙalai laifi ya yi. Wani ɓangare na matsalar tsarin alƙali biyu ne a cikin fili, muryoyi suna shiga kunne ɗaya. A 2020 NRL ta koma alƙali ɗaya, ta kuma ba kyaftin damar ƙalubalantar hukunci. A wannan wasan dai, tun farko-farko, Sia Soliola na Raiders ya tare bugun Luke Keary na Roosters, ƙwallo ta bugi mai kula da 'yan wasan Roosters da ke cikin fili, aka ba Roosters ƙwallon, ba da jimawa ba ɗan wasansu Sam Verrills ya ci. Mutane sun yi ta kumfar baki, amma a nan alƙali bai yi kuskure ba, dokar ce haka a lokacin, kuma an sauya ta bayan kakar. Koyi bambanta waɗannan biyun, domin 'yan kallo ba sa bambantawa.

Rikicin murya ba sabo ba ne. A wasan ƙarshe na 1963, cikin taɓo, St George ta ci Western Suburbs 8 da 3. An kayar da Johnny King na St George, ya tashi ya ci gaba da gudu ya dire. Shi ya ce ya ji alƙali Darcy Lawler ya ce a ci gaba, 'yan Wests suka ce su sun ji an ce an kama shi. Har yau ana jan zancen.

Yanzu batun sa usur a aljihu. Duk mai gaya maka haka, ƙungiyarsa yake nema wa rangwame. A 1999, gaban mutum 107,999, St George Illawarra, wato Dragons, tana gaban Melbourne Storm da 18 da 14, saura 'yan mintuna. Brett Kimmorley na Storm ya cilla ƙwallo zuwa kusurwa, abokin wasansa Craig Smith ya cafe ta a bayan layi, Jamie Ainscough na Dragons ya make shi a kai, ya suma, ƙwallo ta kuɓuce. Alƙali Bill Harrigan bai yi gaggawa ba, domin wasa ya tsaya, lokaci nasa ne. Ya tura wa alƙalin bidiyo, aka duba, ya je ƙarƙashin sanduna ya ba da tirai na fanareti, wato ya ba Storm makin kamar an dire ƙwallon, tunda doka ta ce idan alƙali ya gamsu da an ci ba don muguntar ba, sai ya bayar. Bugun ƙarin maki ya dawo gaban sanduna maimakon gefen layi, Matt Geyer ya buga, Storm ta ɗauki kofi da 20 da 18 a shekararta ta biyu da kafuwa. Magoya bayan Dragons sun ji zafi, amma ba wanda zai ce maka Harrigan ya ruɗa wani ɗan wasa. Ya jira, ya faɗa sau ɗaya. Haka Phil Bentham a Old Trafford a 2014, minti biyu kacal da fara wasan ƙarshe na gasar Super League ta Ingila, ya kori Ben Flower na Wigan saboda naushin Lance Hohaia na St Helens yana kwance. Wigan ta ƙarasa da mutum 12, St Helens ta ci 14 da 6. Bai tsaya lissafin cewa zai ɓata wa jama'a kallo ba.

Kafin wasanka na gaba, ka zauna da masu tutarka a ɗakin sauya kaya ku shirya. Idan an cilla ƙwallo sama a kamu na ƙarshe, wanda ke gefen da za ta faɗo shi ke kallon hannaye, kai kana kallon masu tare hanya da waɗanda suka sha gaban mai bugu. Ku tsayar da kalma ɗaya gajera ta an taɓa, ɗaya ta ba a taɓa ba, wanda bai gani ba kuma ya yi shiru. Idan ba ku da na'urar kunne, ku tsayar da alamar hannu da kai kaɗai za ka gane. In ba ka ji komai ba, kai ma ba ka gani ba, lissafin kamu yana nan inda yake, ka ci gaba da kiransa da ƙarfi.