Ina zan kai baƙona ya ga ruwa a Jigawa?

Ɗan'uwa, ka ce abokinka daga Legas zai zo, kana jin kunya don ba mu da teku. Kai shi fadamar Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma. Da hunturu za ku je, lokacin da tsuntsaye ke ƙaurowa daga Turai su cika fadama. Ku yi sammako, ku nemi mai kwalekwale ɗan gari, da hantsi tsuntsayen sun watse.

A dawowa ku tsaya Haɗejiya ku ci kifi. Ni dai bandar tarwaɗa a miyar kuka da tuwon shinkafa ta fi mini soyayye nesa ba kusa ba.

Tsaraba kuwa, tabarmar kaba da faifai. Ka saya hannun masu saƙar, kada ka matsa musu wajen ciniki.