Sabulun salo yana wanke burushin kwalliya?

'Yar uwa, kin ce ƙuraje sun fara fito miki, kina tambaya ko sabulun salo zai wanke burushi da soson hoda. Zai wanke tas, da shi nake wanke nawa.

Ki jiƙa gashin burushin da ruwa mai ɗumi, bakinsa yana kallon ƙasa. Kar ruwa ya shiga ƙarfen da ke riƙe gashin, gam ne a ciki, in ya jiƙe gashin zai dinga zubewa. Ki goga shi a sabulun, ki murza a tafin hannu, ki ɗauraye har ruwan ya fito fari. Salo yana da kaifin toka, don haka in gashin na dabba ne, ki ɗiga man zaitun kaɗan cikin kumfar.

Soso kuwa matsawa ake yi, in kika murɗe shi zai yage. Burushi sau ɗaya a mako ya isa, amma soso duk ranar da kika shafa. Ki shanya su a kwance inda iska ke shiga, kar ki jefa soso cikin jaka da danshinsa, fumfuna zai yi. Ki daina ba da aronsu ko a gidan biki.

In ƙurajen sun ƙi lafawa, ko ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, ki ga likitan fata ko na ido.