Amsar tambayar Yaya kan aikina a jami'a

Yaya, ka ce 'yan uwa sun dame ka da tambaya ko ni malama ce ko lauya. Ko ɗaya. Ofishinmu, mai karɓar koken ɗaliban da aka ci zarafinsu, doka ce ta haife shi, ana ce mata Title IX, wadda Shugaban Amurka Nixon ya sa wa hannu a 1972. Ta hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka, tun daga gurbin karatu har filin wasa. Daga baya kotuna suka ce cin zarafi ta hanyar lalata ma yana ciki. Ga kuma dokar Clery ta 1990, mai sunan Jeanne Clery, ɗalibar da aka yi wa fyaɗe aka kashe a ɗakinta a Jami'ar Lehigh a 1986. Dokar ce ta tilasta wa jami'o'i bayyana laifuffukan da aka aikata a harabarsu duk shekara, ko da za a ji kunya.

Yarinya za ta shigo ta ɗosana a bakin kujera, jaka rungume a ƙirji. Ba na ce mata me ya kai ki ɗakinsa. Nakan tambayi abin da take buƙata yau: a sauya mata ɗakin kwana, ko aji, ko a rubuta wa yaron kada ya sake tuntuɓar ta. Galibi ita ke zaɓar ko a yi bincike, shi ma wanda ake zargi sai an ji ta bakinsa.

Ka tambayi yadda mutanenmu na nan suka ɗauki abin. Da nauyi. Abin da ya fi ƙona wa iyaye rai shi ne uba ya bugo waya, shi ke biyan kuɗin makaranta, in ce masa ba zan faɗa masa komai ba sai da yardar 'yarsa. Da yawa sun fi son a kai wa liman a sasanta a rufe. Rigimar miji da mata kam, na yarda liman ya fi ni iyawa. Amma fyaɗe ba saɓani ba ne da za a ce kowa ya yi haƙuri.

A bainar jama'a dai ba mai zancen. Sai a gidan suna wata ta ja ni kicin, ta rage murya ta ce wai 'yar ƙawarta ce abu ya samu. Ba na tona ta, lambar ofis nake ba ta. Ka gaida Inna, ka ce mata aikin halal ne.