Tambaya da Amsa: Ta Ina Zan Fara Ƙara wa Babur Ɗin Ƙanƙara Ƙarfi da Gudu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin arewacin lardin Ontariyo ne a ƙasar Kanada, kuma shekarata ta shida ke nan a nan. A hunturun bara na sayi babur ɗin ƙanƙara na hannu, ƙirar Ski-Doo, mai inji sisi 600 da silinda biyu, irin mai ƙona fetur tare da man 2T, kuma da kafireta yake aiki. Ya yi tafiyar kilomita kusan 9,000. Damuwata ita ce duk ranar da muka fita kan daskararren tafki da abokan aikina, tun daga tashi suke barina a baya: injin yana ta kuka, amma jikin babur ɗin ba ya amsawa. Wani mai gareji ya ce in sauya salansa kuma a rage kan silinda domin matsi ya ƙaru, wani kuma ya ce in sa turbo, wato na'urar da take cusa ƙarin iska cikin inji, in huta. Kuɗin da na ware ba su da yawa. Ta ina zan fara, kuma mene ne zai iya kashe mini injin? Daga wani mai karatu a Ontariyo.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Saboda masu karatu na gida da ba su taɓa ganin wannan abin hawa ba, bari in fara da siffanta shi. A gaba yana da fayafayan zamiya biyu a madadin taya, a baya kuma wata faffaɗar roba ce mai haƙora take juyawa irin ta ƙafar katafila, ita ce take tura shi a kan dusar ƙanƙara. Joseph-Armand Bombardier na garin Valcourt a lardin Kebek ne ya fito da Ski-Doo a 1959, kuma injinsa na Rotax da ake ƙerawa a Ostiriya ɗan gida ɗaya ne da ƙaramin janareton nan da muke haɗa wa fetur da baƙin mai, wato inji mai bugu biyu, sai dai wannan ya ninka shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ka riga ka faɗi ciwon da bakinka, domin inji mai kuka alhali jiki ba ya tafiya alama ce ta cewa ƙarfin yana nan, amma yana zubewa a hanya kafin ya kai ƙasa. Shi ya sa shawarata ita ce kada ka taɓa cikin injin tukuna. Buɗe murfin gefen hagu ka dubi kuloci da bel. Babur ɗin ƙanƙara ba shi da giya ta ɗaya da ta biyu kamar babur ɗin titi. Abin da yake da shi kuloci biyu ne da bel ya haɗa su. Na gaba yana kan injin, kuma yayin da juyi ya ƙaru, wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi a cikinsa suna buɗewa su matse faifansa biyu, bel ya hau sama. Na baya kuma yana buɗewa, bel ya nitse ciki. Da haka giyar take sauya kanta ba tare da tsayawa ba. Inji mai bugu biyu yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a ɗan ƙanƙanin zango, a irin naka kusa da juyi 8,000 a minti, kuma littafin babur ɗin zai ba ka ainihin adadin. Aikin kuloci kaf shi ne ya riƙe injin a wannan zango tun daga lokacin da ka matse maƙura har ka kai ƙarshen gudu. Idan juyin ya sauka da ɗari uku ko huɗu ƙasa da nan, ko ya wuce sama, ka yi asarar dawakai masu yawa, wato ma'aunin ƙarfin inji, kuma babu salansar da za ta maido maka da su.

Ciro bel ɗin ka riƙe shi a haske. Idan gefensa ya yi sheƙi kamar an goga masa mai, ko akwai wurin da ya tsuke fiye da sauran, ko zare ya fara leƙowa, ko kuma ka ji warin ƙonanniyar roba bayan tafiya, to yana zamewa. Auna faɗinsa ka gwada da na sabo, domin ƙarancin milimita biyu zuwa uku ya isa ya sa babur ya tashi kamar wanda aka tayar a giya ta biyu, ya kuma kasa kai ƙarshen gudunsa. Sayi ainihin bel ɗin da aka yi wa wannan ƙira, ka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ka bar shi ya bushe, sannan ka yi kilomita 50 na farko a hankali kafin ka matse shi. Fuskokin kulocin kuma a goge su da soson goge ƙarfe mara kaifi har baƙin dattin roba ya fita. A kilomita 9,000 akwai yiwuwar sifirin ya saki, bushi da 'yan rolan ciki sun cinye, kuma waɗannan kayayyaki ne masu araha. Sai dai ina jan kunnenka: sifirin kuloci a matse yake da ƙarfi, ba a buɗe shi sai da na'urar da aka yi don haka, kuma kada ka taɓa ba injin wuta alhali murfin kariyar bel yana cire.

Bayan an maido da kulocin yadda ya fito daga kamfani ne ake maganar gyara shi don ƙarin kuzari, kuma a nan ne kuɗinka za su fi yi maka aiki. Ƙa'idar ba ta da wuya. Ƙarin nauyi a ƙarafan kulocin gaba yana saukar da juyin injin, rage nauyi yana ɗaga shi. Sifiri mai tauri yana sa kuloci ya kama a juyi mafi yawa, babur ya zabura da ƙarfi. Karkatar ƙarfen da yake cikin kulocin baya kuma ita ce take yanke saurin hawan giya da saurin dawowarta idan ka saki maƙura. Kulocin Ski-Doo na shekarun naka yana da wasu kusoshi uku masu lamba da ake juyawa a ɗaga juyi ko a sauke shi ba tare da sayen komai ba, da sharaɗin a sa dukkansu a lamba ɗaya. Nemi fili ɗaya miƙaƙƙe, ka riƙa gwadawa idonka a kan agogon juyi, ka sauya abu ɗaya kacal a kowane gwaji, kuma ka rubuta a littafi abin da ka sauya da sanyin ranar. Wanda ya sauya abu uku lokaci guda ba zai san wanda ya taimaka da wanda ya ɓata ba.

A rana ɗaya da wannan aiki, sa a auna matsin silinda biyun. Idan bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari, ko duka biyun sun yi ƙasa da abin da littafi ya nuna, to fistin da ringi ne suke neman sauyi, kuma ɗora wa gajiyayyen inji kayan ƙarin ƙarfi gaggauta mutuwarsa ne. A ciro bawul ɗin bakin hayaƙi, wanda Rotax ke kira RAVE, a kankare baƙin da ya daskare a jikinsa, domin idan ya maƙale injin yana rasa ƙarshen ƙarfinsa. A duba robar da ta haɗa kafireta da inji ko ta tsage.

Abu na gaba shi ne riƙon ƙasa. A kan tafki mai santsi, robar baya tana iya juyawa a banza komai ƙarfin injin, kuma ina kyautata zaton abokanka sun dasa wa nasu ƙusoshin ƙarfe masu kan kabayid, wato wani ƙarfe mai tsananin tauri, waɗanda suke cizon ƙanƙara. Idan za ka sa su, dole a sa kariya a saman ramin da robar take juyawa, saboda a can ne bututun sanyaya inji yake, kuma ƙusa ɗaya tana iya huda shi ruwa ya tsiyaye. Dole kuma a ƙara tsawon kaifin kabayid ɗin da ke ƙarƙashin fayafayan gaba, wanda yake cizon ƙanƙara wajen karya kwana, in ba haka ba baya zai riƙa tura ka miƙe alhali ka karya kan babur. Daidaita ɗaurin robar ma yana da tasiri, domin idan ta yi tsauri tana cin ƙarfi. Ka kuma sani cewa dusar da robar take watsawa sama ita ce take sanyaya injin da sandunan da robar take zamewa a kai, saboda haka a kan tsurar ƙanƙara mara dusa kana buƙatar 'yan ƙarafan nan masu kartar ƙasa suna feso ƙura.

Yanzu ga maganar salansa. Abu biyu ne mutane suke haɗawa. Akwai tukunyar ƙarshe mai rage ƙara, kuma sauya ta yawanci rage nauyi ne da ƙarin hayaniya, ba wani ƙarfi na a-zo-a-gani ba, wani lokaci ma raguwa ake samu. Akwai kuma babban bututun nan mai kumburarren ciki, wanda shi ɓangare ne na injin kansa: an auna siffarsa ta yadda bugun hayaƙi zai zuƙo ƙonannen iska waje, sannan ya dawo ya tura sabon fetur da ya fara tserewa cikin silinda kafin ƙofa ta rufe. Bututu mai kyau yana ƙara dawakai kaɗan, amma yana matsar da zangon ƙarfin, don haka sai an sake daidaita kuloci, kuma sai an ƙara girman jet ɗin kafireta, wato 'yar ƙofar da fetur yake bi. Wannan ne wurin da injuna suke mutuwa.

Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi kauri, kuma kafireta ba ta san an yi sanyi ba; fetur ɗin da ta saba bayarwa shi za ta bayar. Jet ɗin da ya yi daidai a digiri 5 ƙasa da sifili zai yi kaɗan a digiri 30 ƙasa da sifili, sanyin da ba baƙo ba ne a yankinku cikin Janairu. Idan fetur ya yi ƙaranci a cikin haɗin, wuta tana zafi fiye da kima, kuma abin da yake yaudarar mutane shi ne a daidai wannan lokaci injin ya fi daɗin ji. Na taɓa riƙe fistin da wannan ya faru da shi: gefen da ke kallon bakin hayaƙi ya narke ya zube kamar kyandir, ringi ya manne a cikin alminiyon, fulogin kuma ya yi fari fat da ɗige-ɗigen ƙarfe a bakinsa. Gudu ɗaya ne a kan tafki, wanda bai kai minti biyu ba. Saboda haka bi jadawalin jet na kamfani, wanda ya haɗa sanyi da tsayin wuri daga doron teku, ka zaɓi na ranar da ta fi sanyi. Fulogi mai lafiya launin shayi da madara yake yi. Idan da hali, sa agogon auna zafin hayaƙi a kowace silinda. Kuma kada ka matse inji mai sanyi, domin fistin yana riga silinda kumbura ya kama. Ba shi mintoci ya ɗumama.

Rage kan silinda ban goyi bayansa ba a halin da kake ciki. Ƙarin matsi yana kawo ƙarfi a ƙasa da tsakiya, amma yana neman fetur mai lamba 91 ko fiye a kowane lokaci, wato lambar da take nuna yadda fetur yake jure matsi, kuma ranar da ka sha na 87 a wani ƙauye saboda shi kaɗai ake da shi, fetur zai riƙa fashewa da kansa kafin lokaci yana saran kan fistin, ƙarar injin kuma ba za ta bar ka ka ji ba.

Turbo kuwa maganin wata matsala ce da ba taka ba. Inji mara turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, shi ya sa masu hawan duwatsun lardin Biritish Kolombiya na yammacin Kanada suke buƙatarsa, kuma saboda su ne Ski-Doo ya fito da Summit 850 mai turbo daga kamfani a 2020, domin ya riƙe dawakansa 165 har tsayin ƙafa 8,000, wato kusan mita 2,400. Wuri mafi tsawo a duk Ontariyo bai kai mita 700 ba. Ɗora turbo a kan tsohon inji mai kafireta yana iya cin kuɗin da suka kai darajar babur ɗin, ga wahalar daidaita fetur da ba ta ƙarewa. Idan bayan gyaran kuloci da ƙusoshi har yanzu ranka yana son abin da sisi 600 ba zai bayar ba, ka sayar da shi da lafiyarsa ka ƙara kuɗi ka sayi mai 850, wanda aka ƙera birkinsa da ƙashinsa don wannan ƙarfi.

Akwai dokar wurin da kake zaune, kuma ina so ka ɗauke ta da muhimmanci. A hanyoyin babur ɗin ƙanƙara na Ontariyo iyakar gudu kilomita 50 ne a awa, a Kebek kuma 70, sannan yawancin hanyoyin nan sun ratsa gonakin mutane ne da yardarsu, kuma ƙarar salansar da aka sauya tana cikin abubuwan da suke sa manomi ya rufe ƙofarsa ga kowa. Duk sauyin da ya ƙara ƙarfi, sanar da kamfanin inshorarka. A kan tafki kuma, ƙungiyar Red Cross ta Kanada ta ce kaurin ƙanƙara ya kai santimita 25 kafin babur ya hau, kuma kusa da bakin kogi ko inda ruwa yake gudana a ƙasa kaurin yana raguwa ba tare da ido ya gani ba. Kafin gwajin farko ka duba takalman birki da mansa, ka sa hular kwano, ka ɗaura igiyar kashe inji a jikin rigarka, ka kuma bi filin gwajin a hankali sau ɗaya da rana domin ka san inda tudun ƙanƙara da ramukan masunta suke.