Filin Tambaya da Amsa: Daga Ina Ake Fara Zanen Asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da gama karatun zanen gine-gine ba, sai ga shi ofishinmu ya samu aikin zana asibiti mai gado 40. Waɗanne kurakurai ne sababbin hannu suka fi tafkawa? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Mafi girmansu shi ne jan bango kafin a zana zirga-zirga. Fara da hanyoyi huɗu a takarda: ta marasa lafiya, ta ma'aikata, ta kaya masu tsafta, da ta shara da gawa. Duk inda tsafta da ƙazanta suka bi ƙofa ɗaya, ka buɗe wa cuta hanya. Ka kai wannan takardar wurin nas-nas da masu shara kafin likita, don su ke tura gado da bokiti kullum.

Gado ne ma'auninka, ba mutum a tsaye ba. Barandar da gadaje ke bi ta kai faɗin mita 2.4 domin biyu su gifta juna, ƙofar ɗakin kwanciya kuma wajen mita 1.2. Inda ake yawan kuskure shi ne wurin shan kwana: gadon asibiti ya haura mita 2 a tsawo, ƙofar da ke daf da kusurwa kuwa ba za ta bari ya juya ba, ko da faɗinta ya cika. Gangara kada ta fi ɗaya cikin 12, wato hawan mita 1 na cin mita 12 a ƙasa. Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, kada ka dogara da lif. Bar tiyata, haihuwa da sashen gaggawa a ƙasa, kusa da juna.

Iska ma tana da alkibla. A ɗakin tiyata ana so ta riƙa turowa waje, ana sabunta ta kamar sau 20 a awa. A ɗakin keɓe mai tarin fuka akasin haka ne: ta shigo daga baranda, a zuƙe ta zuwa waje, aƙalla sau 12. Na'urar sanyaya ɗaki ta bango ba ta yin ko ɗaya, iskar ciki kawai take juyawa, komai nacin mai asibitin a kanta.

Tankin ruwa a lissafa shi da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya: lita 40 zuwa 60 a rana ga kowane kwantacce, lita 100 ga kowace tiyata ko haihuwa. Ɗakin hoton ƙashi kuwa, a san injin da za a saya, a kuma bi ƙa'idar hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya kan kaurin bango da dalma tun kafin a zuba kankare.

Sai 'yan uwa masu zaman jinya, waɗanda littattafan Turai ba su san da su ba. A wurinmu da wuya mara lafiya ya kwana shi kaɗai. Ware musu rumfa, banɗakin maza da na mata, wurin alwala, da murhu nesa da ma'ajiyar tukwanen iskar oksijin. In ba haka ba, barandar nan ta mita 2.4 za ta cika da tabarmi da kuloli.