Amsa kan babban kantin da ake shirin ginawa a bakin titinmu

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa na wannan zaure. Na saurari muryar ƙaninmu da ya tambaya me ya sa muke adawa da babban kantin da ake son ginawa a filin bakin titi, alhali zai samar wa matasanmu aikin yi. Tambayarka tana kan hanya, ƙanina, domin ba wanda yake ƙin arziƙi ya shigo unguwarsa. Abin da muka ƙi shi ne zanen ginin da aka nuna mana, wanda ƙofa ɗaya ce tak ta shiga da fita, kuma tana kallon kwanar da yaran firamare da na Islamiyya suke tsallakawa.

Duk mai wucewa ta nan bayan la'asar ya san halin da ake ciki tun kafin a aza tubali ko ɗaya. Ɗan adaidaita sahu guda ya tsaya neman canji, sai ka ga layin motoci ya kai bakin masallaci, masu babura sun hau gefen kwata, uwa tana riƙe da hannun yara uku tana jiran sarari. To, ina ga an ƙara masu sayayya da motocinsu, da manyan motocin da za su riƙa sauke katan-katan na kaya, balle a ce azumi ya zo ko jajibirin salla?

Misalan suna nan cikin Kano. Ado Bayero Mall da aka buɗe a titin Gidan Zoo a 2014, an ware masa makeken wurin ajiye motoci a cikin harabarsa, shi ya sa mai sayayya ba ya barin motarsa a kan kwalta. A gefe guda kuma a dubi kewayen kasuwar Singa, inda tirela ɗaya mai sauke kaya takan tare hanya har a rasa ta inda za a bi. Wasu sun ce KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, za ta kula da cunkoson, amma jami'in KAROTA hannu yake bayarwa, ba zai ƙara wa titi faɗi ba.

Saboda haka a ganina zanga-zanga da zagin mai fili ba za su kai mu ko'ina ba, kuma mutumin bai yi laifi ba don ya nemi juya dukiyarsa. Hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ita ce take ba da izinin gini, kuma kafin ta sa hannu ne maganarmu take da nauyi, domin idan gini ya kai linta sai dai a ba mu haƙuri. Mu rubuta mata takarda ta hannun mai unguwa, mu nemi a mayar da ƙofar fita ta layin baya, a ja ginin ciki domin motoci da 'yan adaidaita su sami wurin tsayawa, a kuma kayyade sauke kaya ya zama bayan isha'i. Ina roƙon matasan da suke da sarari su tsaya a kwanar da safe da yamma su ƙirga ababen hawa, su ɗauki hotuna, domin a haɗa da takardar kafin mu kai ta. Wassalamu alaikum.