Ƙanwata, kada ki jira "za a san yadda za a yi"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki har sau biyu: saura wata 2 ku fara WAEC, makarantarku babu lab, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, firaktikal ɗin Bayoloji ya hana ki barci, malaminku kuma ya ce ku kwantar da hankali, za a san yadda za a yi. Wallahi wannan maganar tasa ce ta sa na ajiye wankin da nake yi na zauna rubutu, domin ita ce ta ci min shekara guda cur.

Namu malamin ma haka ya ce. Ya karɓi kuɗin firaktikal a hannun kowace ɗaliba, ni sai da Innata ta sayar da kajinta biyu kafin ta haɗa. Ba mu taɓa ganin abin da aka saya da kuɗin ba. Saura mako guda ya shigo aji yana fara'a, ya ce akwai fara cikin abubuwan da za a kawo, ya zana ta a allo, ya ce mu haddace. Na haddace kuwa. Ko cikin duhu aka tashe ni zan zana miki farar nan, har da inuwa da nake yi mata da fensir don ta yi kyau.

Ranar jarrabawa ga fara a gabana cikin ɗan faranti, tana warin maganin da aka jiƙa ta da shi. Ban ko taɓa ta ba. Na ga kalmar zane a takarda, hannuna ya kama aiki. Sai da na gama, na zauna ina jin daɗi, sannan na lura ta kusa da ni ta ciro ƙafar baya ita kaɗai tana aunawa da rula. Na koma na karanta tambayar. Ƙafar baya kawai aka ce a zana. Ƙanwata, cikina ya ɗuri ruwa. Na shiga gogewa, takardar ta yi baƙi saboda inuwar nan da na cika mata, har ta fara hujewa. Hawaye na ɗiga a kai, mai sa ido na cewa saura minti 10. Shi kuwa malam yana tsaye bakin taga yana cin gyaɗa, ko kallonmu bai yi ba. D7 na samu. Makin JAMB ɗina mai kyau ya tashi a banza, domin makarantar koyon jinya ba ta karɓa sai da kiredit, aƙalla C6. Da na je na same shi ina kuka, cewa ya yi ai ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma kajin Innata fa? Har yau idan na hango shi a kasuwa sai na sauya hanya. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

To, ki saurara. Firaktikal maki 80 ne cikin awa 2, ya fi na zaɓi mai maki 50, ya fi na dogon rubutu mai maki 70. Kuma yawancin abin da suke kawowa yana cikin gidanku ko bakin kasuwa. Albasa, citta, dankalin Turawa, wake da masara da aka jiƙa, kyankyaso, gashin kaza, kifi karfasa. Ki je wurin mahauci ki roƙi ƙashin bayan akuya, ki dafa ki ɗauraye, ki juya shi a hannu. Ki ciro kaska a jikin tunkiya ki ƙirga ƙafafunta, 8 ne, na kyankyaso 6, shi ya sa ba ajinsu ɗaya ba. Citta da dankalin Turawa kara ne ya koma rumbun abinci, ki duba idanunsu da ke tsiro, rogo kuma saiwa ce. Idan kin gani da idonki ba ya fita a kai.

Zane ba gasar kyau ba ce. Fensir HB mai tsini, layi guda mai tsabta, babu inuwa ko kaɗan. Idan an ce santimita 8 zuwa 10, ki auna. Layin da ke nuna sunan sassa da rula ake jan sa, ya taɓa wurin da kike nufi, kada ya gitta wani. Ki sa wa zanen take, ki rubuta ninkin girma, wato tsawon zanenki a raba da tsawon abin da ke gabanki, kamar x2. Kuma rubutun kalmomin nan na Turanci, harafi ɗaya ya kuskure makin ya tafi. Ni kullum da asuba nake rubuta guda 10 a bayan tsohon kalanda lokacin da na sake zama jarrabawar.

Af, gwajin abinci. Aidin na kemis ya isa, ki ɗiga a kan koko, zai koma shuɗi mai duhu kamar baƙi, sitaci ke nan. Ki goga ƙuli-ƙuli ko ɗanyen gyaɗa a farar takarda ki ɗaga ta sama, tabon da haske ke ratsawa shi ne mai. Ruwan Benedict, sinadarin da ake gwajin sukari da shi, ba za ki samu a gida ba, ki riƙe cewa idan an ɗumama shi da sukari irin na gulukos yana komawa ja kamar jan bulo.

Darasin gado kuma, wato yadda 'ya'ya ke gadon siffofin iyaye ta jini, kada ya ba ki tsoro. Ki yi shi da sikila, abin da muka sani. AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS. Kowane ciki fa, ba wai ɗa na huɗu ba. Wata ƙawata har ta yi aure ba ta gane wannan ba, yanzu biyu cikin 'ya'yanta uku suna fama, Allah ya ba su lafiya. Ku 'yan mata ku yi gwajin jinin sikila tun kafin soyayya ta yi nisa, na san ba shi kika tambaya ba.

Idan gida da hali ki yi NECO ma, don idan ɗaya ya ƙi ɗaya ya ɗauke ki. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku sayi tsofaffin tambayoyi da madubin ƙara girma na hannu, ku riƙa bai wa juna maki ba sani ba sabo. Kuma ranar, ki karanta tambaya sau biyu kafin fensir ya taɓa takarda. Ki tafi da fensir 2 a fiƙe da abin gogewa mai laushi, nawa irin mai taurin nan ne na kan fensir, shi ya huda min takarda.